Faifan Kaz na Farko

Lahadi, 2 ga Oktoba 1994, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na koma shagon Lyle, karo na farko tun abin da ya faru a Gidan Kore, inda ake kiɗa. Mako biyu ke nan da kwana ɗaya. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba, ba don shi na sayi littafin nan ba.

Da rana Mama ta sake tambayata me muke yi a shagon tsofaffin faifai duk Lahadi, mutane da girmansu, alhali ana coci. Na sake yi mata bayani, karo na ɗari. Mu biyar ne: ni, yayana Kaz, Lyle mai shagon, Hollis mai raba wasiƙu, da Dot da ke jinya a gidan tsofaffi. Kowa ya rubuta faifai goma da ya ji a makon a kan kati, ya maƙala a allon da ke kusa da ƙofar bayi. Shekara bakwai muna yi. Doka biyu ce kawai. Ba a ƙarya: ko waƙar tallan sabulu ka ji sau goma, ita za ka rubuta. Kuma ba a tambayar mutum dalili. Zagi an yarda, dariya an yarda, amma “me ya sa” ba a faɗinsa a gaban allon nan. Mama ta ce, “Ihun mahaukata ne dai, ko a kati ko a ba kati,” ta ƙara min dankali.

Kaz ya zo, kuma na ji daɗin ganinsa. Ya rame, amma ya yi aski. Ya shigo rungume da akwatin madara cike da faifai, ya dire a kan kanta, ya ce kowa ya zaɓa.

Kaz fa! Mutumin da in ka taɓa faifansa ba ka wanke hannu ba sai ya yi wata bai yi maka magana ba.

Hollis ya zaro jan faifan Jikokin Mahauci, wanda ɗari uku kaɗai aka buga. Ya ce, “Kai Kaz, ko dai mace ce ta ce ka zaɓa, ita ko su?”

Lyle ya buga kanta da biro. “Doka, malam. Wannan tambayar dalili ce ta sa rigar zolaya.”

“Wuri nake nema a ɗaki,” in ji Kaz. “Karɓi kafin in dawo hayyacina, tsohon kwaɗayayye.”

Ni na samu na Gishirin Titi, wanda na yi shekara biyu ina roƙonsa ko aro ne. Bari in rubuta don kada nan gaba in yi wa kaina ƙarya: na yi murna. Har sumbatar kwalin na yi.

Katinsa duk sababbin abubuwa ne, na bana da na bara. Dot ta ce ashe tsoho na bin zamani.

Talata, 4 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe, hutun aiki

Gidan burodi ya cika da hayaƙi, tanda ta biyu ta sake ƙona gefe. Matar da ke sayen burodin hatsi duk Talata ta dube ni ta ce, “Ba ke ce ƙanwar wannan ba?” Na ce a’a. Na ba ta canjinta.

Marnie, yarinyar da ta ji rauni a Gidan Kore, tana nan a asibiti. Ba ta farka ba. Shekararta sha tara. Ban je ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba, yamma

Na sa Gishirin Titi sau huɗu. Ya fi yadda na tuna daɗi, abin haushi.

Lahadi, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Akwati biyu ya kawo yau.

Hollis ya zo da jakar wasiƙunsa babu komai a ciki, wai ya manta ne ya rataya. Ranar Lahadi. Dot ta ce, “Kai dai ko kunya Allah bai ba ka ba.” Ya ce, “Ke da kika zo da mota fa? Da ƙafa kike zuwa shekara bakwai.” Aka yi ta dariya. Kaz ma ya yi, amma a makare, kamar sai da ya tuna cewa nan ne wurin dariyar.

Katina: Gishirin Titi sau shida, Ruwan Kwata, sai kaset ɗin da Dot ta haɗa min. Lyle ya karanta da ƙarfi ya ce wannan kati na mai ciwon ciki ne. Na Lyle kuwa wasu ’yan Finland ne da ko sunansu bai iya faɗa ba, duk mako haka yake yi don mu san shi ne malami.

Katin Kaz: Tsumma, Karnukan Masana’anta, Ƙofar Baya, da sauransu. Duk na shekara uku zuwa biyar da suka wuce. Na tsaya ina kallonsa ya fi yadda ya kamata. Akwai abin da ke cizona game da shi, ban gane ko mene ne ba.

A waje na ce masa ya zo mu ci kifi ranar Juma’a a wurin Mama. Ya ce to. Na tambaye shi aiki, ya ce sun ce ya huta tukuna har a gama bincike. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, “Auta, bas ɗinki ga shi can.” Ba bas ɗina ba ne, amma na hau.

Juma’a, 14 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Bai zo cin kifin ba. Mama ta rufe nasa da faranti, ta zauna tana kallon farantin.

Ban je asibiti ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, ƙarfe uku da rabi

Na gane. Da ma ban gane ba.

Ina tsaye gaban allo, Lyle yana ta surutu a kan allurar garmaho ta jabu da aka sayar masa, na karanta katin Kaz daga sama zuwa ƙasa. Baƙin Tanki. Wannan ya saya ne a Chicago ranar da motarmu ta mutu a hanya, 1988. Na ƙasansa, Matan Maƙwabta, bazarar da ta gabaci wannan. Na ƙasa kuma, Gwangwani Uku, lokacin da Baba ke kwance. Kowane layi ya girmi na samansa.

Kowa a garin nan ya san haukar Kaz: ba ya jera faifai da suna ko da iri kamar mutanen kirki. Jerawa yake yadda ya saye su, na farko a ƙasa can hagu, na jiya a sama can dama, kuma yakan rubuta ranar saye da fensir a cikin kwali. Shekara da shekaru muna yi masa dariya a kan wannan.

Na jawo akwatin yau na shiga leƙa cikin kwalaye. 88. 88. 87. 87. 86. Babu ko ɗaya da ya tsallake layi.

Ba share ɗaki yake ba. Bin kantar faifansa yake da baya. Ya ji faifai, ya sa a akwati, ya ɗauki na bayansa. Makon farko daga bana ya fara. Yanzu yana 86. Shekara uku kowane mako. Na farkonsa na 78 ne, kuma ni na iya lissafi, abin da aka ɗauke ni aiki a kanta dominsa ke nan.

Hollis ya ga ina duba kwalaye ya ce, “Berni, ba a tantancewa, ɗauki ki ba na baya wuri.” Na ajiye ban ɗauki komai ba. Kaz ya zuba min ido daga can gefen shagon. Ya san na gani. Ya ɗan girgiza kai kaɗan, ya nuna allon da haɓa. Wato doka.

Ni kuma na yi shiru. Shekarata ashirin da takwas, na yi shiru saboda dokar da muka ƙirƙira muna shan giya.

Litinin, 17 ga Oktoba, da asuba kafin in fita

Wataƙila gari zai bari. Mutum yakan raba kaya in zai bar gari.

Litinin ɗin dai, da rana

Wanda zai bar gari ba ya bayar da jan faifan Jikokin Mahauci. Da shi zai tafi ko da ba shi da wando.

Laraba, 19 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na biya ta gidansa bayan aiki da burodi biyu. Tun daga matattakala nake jin kiɗa, ba da ƙarfi ba, wannan ma sabon abu ne. Kaz da maƙwabta suka kira wa ’yan sanda sau uku.

Ɗakin tsaf. Ya wanke kwanuka. Layi biyu na saman kantar wayam, har ya goge ƙurar. Yana zaune a ƙasa gaban garmaho da kwali a cinya, yana karanta sunayen da aka gode wa a baya kamar mai karatun jarrabawa.

“Ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Me ka ci?”

“Ke ’yar sanda ce? Zauna ki ji wannan, mai gangar nan ya mutu bai taɓa buga daidai ba ko sau ɗaya.”

Na zauna. Muka ji gefe ɗaya har ƙarshe. Ya ɗaga allura a hankali, ya mayar da faifan kwalinsa, ya shafa shi sau biyu da tafin hannu, ya sa a akwati. Haka ya shafa goshin gawar Baba a coci.

Na ga takardar lauya a kan firij, ya danne ta da maganaɗisu. Ban karanta ba. Shi ya sa hannu a takardar hayar Gidan Kore, shi ya kira makaɗan, sunansa ne a takardun talla da aka manna a sandunan lantarki. Sunana ba ya ko’ina. Ya ce wa masu bincike shi kaɗai ne ya shirya komai.

Na ce ba zan rubuta a kan wannan ba.

Asabar, 22 ga Oktoba, rana

An ce sun cire wa Marnie ɗaya daga cikin bututan da aka sa mata. Dot ce ta ji a wurin wata abokiyar aikinta. Ba ta san ko alama ce mai kyau ba.

Ban je ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar

85, 84, 83.

Waɗannan su ne shekarun da kowa ke mutuwa a kai, don haka shagon ya zama kasuwa. Labari ya fita. Wasu da ba ’yan allo ba suka zo suna shawagi suna yi kamar faifai suke dubawa, har wani mai gemu daga Madison. Lyle ya kore su ya juya allon ƙofa zuwa “An rufe”. Sannan shi da Hollis suka kusa dambe a kan ƙaramin faifan Haƙoran Zinare.

“Ni na fara taɓawa!”

“A shagona ka taɓa, da iskar shagona kake numfashi!”

Dot ta karanta katin Kaz ta ce, “Oho, tsoho ya koma tushe. Mako mai zuwa sai waƙoƙin reno.” Suka kwashe da dariya. Sun ga yana komawa baya, sun gani sarai, amma a wurinsu wannan abin yabo ne. Lyle har ya yi ɗan jawabi cewa duk mai kunnen gaske a ƙarshe gida yake komawa. Na ji kamar in kwaɗa masa garmahonsa a ka.

Na yi ƙarya a katina yau. Ban ji komai ba duk makon, ko rediyo. Na rubuta sunaye goma daga ka. Shekara bakwai ban taɓa ba.

Ina tsoro. Bari in rubuta shi sau ɗaya a fili: yayana sallama yake yi, kuma ina tsoron ranar da kantar za ta ƙare.

Talata, 25 ga Oktoba, hutun aiki

Saura mako biyu.

Alhamis, 27 ga Oktoba, yamma

Na nemo shi. Yana cikin akwatin takalman sanyi, a ƙarƙashin gado.

Ƙaramin faifai ne, waƙa biyu, ’Yan Tsatsa. Kwalin baƙi da fari, an naɗe shi da hannu, a ciki da fensir: 11 ga Maris 1978. Kaz yana sha biyar, ni sha biyu. Mama ta ce ba zai fita sayo shi ba sai da ni, ya ja ni kamar jakar shara har bas biyu. A hanyar dawowa ya ba ni in riƙe don ya ɗaure takalmi, ya ce in na lanƙwasa shi zai jefa ni a kogi. Da muka sa shi a garmahon Baba, Baba ya fito daga bayi da sabulu a fuska ya ce wa ake yankawa.

Na sace shi ranar da na bar gida a 86. Ya sani. Shekara takwas duk Kirsimeti katinsa iri ɗaya ne: “Barka da Kirsimeti, ɓarauniya.” A kantarsa, can ƙasa hagu, ya bar masa ɗan gurbi da yatsa zai shiga.

Na farkon yana hannuna. Ban san me zan yi da wannan ba, amma yana hannuna.

Lahadi, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

82, 81, 80. Akwati ɗaya, bai ma cika ba.

Yara na yawo a titi da kayan dodanni suna karɓar alewa, kamar yadda ake yi duk ƙarshen Oktoba. Kaz ya tsaya a bakin shago yana raba musu ta Lyle, yana tambayar kowa shi wane ne. Fuskarsa a sake, har ya yi haske. Dot ta ce min, “Kin gani? Ya warware.” Wannan hasken ya fi ramar ba ni tsoro.

Da zai tafi ya rungumi Lyle. Lyle ya sandare kamar an zuba masa ruwan sanyi, ya ce, “Kai, sake ni, na ce maka ba na sayen komai.”

Ya raka ni tashar bas. Sai da ya hango bas ya ce, “Auta, ki kawo min ’Yan Tsatsa kafin Lahadi.”

Na ce, “Ya ɓata.”

“Ba a ƙarya.”

“Wannan dokar kati ce.”

“Ki kawo min. Sau ɗaya zan ji, sai ki riƙe har abada, na ba ki.”

Shekara takwas yana ce min ɓarauniya, yau ya ce ya ba ni. Na hau bas na wuce tashata da uku ban sani ba.

Litinin, 31 ga Oktoba

Ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Talata, 1 ga Nuwamba, yamma

Na raka Mama coci don ta kunna wa Baba kyandir. Ta kunna biyu. Ban tambaye ta na biyun na waye ba.

Kaz ya bar saƙo a na’urar amsa waya: “Ɓarauniya, ina jira.” Muryarsa kamar ba komai.

Laraba, 2 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Na karya doka.

Na kira su ukun na ce su same ni a shago bayan an rufe. Na ciro katunan Kaz biyar daga allo na jera su a kan kanta, na ce kowa ya karanta daga na farko. Lyle ya fara, “Berni, ba a,” na ce in ya ƙarasa wannan maganar zan fasa masa gilashin ƙofa.

Na ce, “Me ya sa? Ga shi na faɗa. Me ya sa mutum zai ji duk abin da ya mallaka da baya, ya raba, ya wanke kwanuka, ya rungumi Lyle? Lyle fa!”

Dot ce ta fara ganewa. Ta zauna a kan akwati, ta rufe baki da hannu. Ta ce tsofaffin da take jinya haka suke yi, su fara rabon agogo da zobe suna fara’a, kuma ita ce ke koya wa sababbin ma’aikata su lura da hakan. Ta ce, “Ni da nake koyarwa. Na zo da mota, Berni. Da mota na zo.”

Hollis ya ce, “Na ɗauka sa’a ce ta zo min.” Ya fita waje, muka ji yana harbin kwandon shara.

Lyle ya cire tabarau ya ce zai mayar da komai, duk, har Haƙoran Zinare. Dot ta ce ba faifai ne maganar ba, likita ne, kuma ta san wadda za ta gan shi ranar Litinin in an samu ya yarda. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai. Hollis ya dawo ya ce unguwar Kaz a hanyarsa take, zai ƙwanƙwasa safe da rana ko da wasiƙa ko babu. Muka raba kwanakin a bayan wani tsohon kati.

Da za mu tashi Lyle ya ce, “Saura nawa a kantar?”

Na ce, “Bai fi goma ba. Amma na ƙarshen yana wurina.”

Juma’a, 4 ga Nuwamba, rana

Hollis ya ce Kaz ya buɗe masa, ya karɓi takardar tallan katifa, ya ce, “Tun yaushe kake hawo bene don wannan?” Dot ta kai miya jiya ta ƙi tafiya sai da ya shanye. Ya gane. Ya kira ni a wurin aiki ya ce, “Kin tara min ’yan gadi.” Na ce eh. Ya kashe.

Asabar, 5 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana



Da safe na biya shagon Lyle na ce ya ba ni faifai mafi muni da ya shigo masa a makon nan. Bai yi tambaya ba. Ya miƙo na wasu ’yan garin Racine masu suna Ciwon Haƙori, ya ce ya ji rabin waƙa ya nemi gafarar allurarsa. Na ari fensirinsa na rubuta a cikin kwali: 5 ga Nuwamba 1994.

Kaz ya buɗe ƙofa, idonsa ya tafi kan jakata. Kantar babu komai. Katako tsirara daga sama har ƙasa, sai akwati ɗaya a gefe da ya riga ya ɗaure.

“Kin kawo?”

“A’a.”

“Berni.”

“Ba zan kawo ba. Ba yau ba, ba Kirsimeti ba. Ka kai ni kotu, ka riga ka san hanya.”

Ban taɓa ganin ya fusata haka ba. Ya ce ban da haƙƙi, nasa ne, abu ɗaya ya roƙe ni a duniya. Ya ce ban san yadda yake ji ba in ya rufe ido ya ji ƙarar matattakalar Gidan Kore tana karyewa da mutane a kai.

A nan na faɗa. Na ce na sani, ina bakin ƙofa ai. Ni ke riƙe da hatimin da ake buga wa masu shiga a hannu. Ka ce min mutum sittin, Auta, sittin ki rufe, katakon ya tsufa. Na kai sittin na ga layi har kwana, kowa na roƙo, ana kiran sunana, na ji daɗin ana kiran sunana. Na daina ƙirga a tamanin da wani abu. Marnie ta zo a makare, ta ce tun daga garin Kenosha ta taho, ta miƙo hannu, na buga mata hatimi na ce yi sauri sun fara.

Ga shi na rubuta.

Ya ce, “Na sani. Ina ganinki daga ƙasa.”

Na ce, “To in ka tafi da shi, ni ka bar wa. Ni kaɗai. Ka ɗauka kana kare ni ne? Ranar Litinin zan je wurin lauyan nan in faɗa da bakina, kai kuma Dot za ta kai ka wurin likita. Ka so, ka ƙi.”

Ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa. Mun daɗe a haka. Na yi kuka har hancina ya toshe, shi bai yi ba, da ma ya yi.

Na tashi na ciro Ciwon Haƙori, na taka kujera na ajiye shi a layin sama, can dama.

“Mene ne wannan?”

“Naka ne. Duba kwanan wata. Kai ka kafa tsarin, ba ni ba: daga sabo ake farawa. Kantarka ba ta ƙare ba. Asabar mai zuwa zan kawo wani, da ta bayanta.”

Ya dubi faifan, ya dube ni. Ya ce, “Fita min daga gida.”

Na fita. Dot na zaune a mota a ƙofar gida da kofi, ranarta ce. Ta hau sama.

Asabar ɗin, ƙarfe shida

Na je asibiti. Uwar Marnie na zaune a bakin gado tana saƙa. Na faɗi sunana da abin da na yi a ƙofa. Ba ta kore ni ba. Na tsaya minti goma. Hatimin ya goge daga hannun Marnie, na duba.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya

Bai zo ba. Muna shago mu uku, Hollis ne a wurinsa. Babu wanda ya maƙala kati. Lyle na ta goge faifai ɗaya tun da na shigo.

Lahadin dai, ƙarfe biyar

Wajen uku Hollis ya shigo shi kaɗai. Na miƙe. Ya ɗaga hannu ya ce, “Yana nan, yana nan, Mamarku ta karɓe ni, tana can tana yi masa faɗa a kan labule.” Sai ya ciro kati daga jakar wasiƙu, ya je ya maƙala a allo da kansa.

Layi ɗaya ne, da rubutun Kaz:

“Ciwon Haƙori. Sau uku, don na kasa yarda akwai abu mai muni haka. Duk wanda ya sayar wa ƙanwata wannan a rufe masa shago.”

A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: “Litinin ƙarfe goma, na ji. Ɓarauniya ta dawo min da faifaina.”

Lyle ya karanta da ƙarfi, muryarsa ta karye a tsakiya, ya ce ƙurar shagon ce. Dot ta ce kada mu yi saurin murna, kati ɗaya ne, Litinin ba ta zo ba tukuna. Gaskiyarta. Ni ma Litinin tana jirana, kuma Marnie ba ta farka ba.

Na rubuta nawa katin, na gaskiya: ’Yan Tsatsa, sau ɗaya, jiya da na dawo. Na maƙala shi a ƙarƙashin nasa yadda Hollis zai gani ya kai labari.

Kafin in fito na sa Lyle ya ware min munanan faifai guda huɗu, na wata ɗaya. Da na iso gida na ciro faifan daga akwatin takalma na sauya masa wuri, don Kaz ya san ƙarƙashin gadona tun muna yara. Ko a littafin nan ba zan rubuta inda na sa shi ba.